Sadakar Yaya a Baƙar Leda

Ni ba mai yawo ba ce. Duk wanda ya san ni a unguwarmu nan Tawa ya san in ba na tsakar gida to ina ɗaki, in kuwa ba na ɗaki, an yi haihuwa ko rasuwa a maƙwabta. Shi ya sa in zance ya biyo ta kan jirgin sama na ce na taɓa shiga, 'yan matan yanzu sai su dube ni su yi murmushi. Na shiga, sau ɗaya, ni da ɗiyata ta fari. Daga jirgi muka faɗa motar haya, ta kai mu ƙauyenmu da ke bayan Kalfu. Shekarun nan ne da siyasa ta dawo, kowa da jam'iyyarsa, ma'aikata suna haɗa watanni ba albashi, kuɗinmu ya faɗi har sabulun wanki ya zama abin da ake yankawa biyu.

Ɗiyar nan tawa ce a haihuwa kawai. Ina yaye ta Yaya ta zo ta goya ta, ta tafi da ita ƙauye. Yaya ita ce babbarmu, Allah bai ba ta haihuwa ba, ni kuma ga kunyar ɗan fari, sai abin ya yi wa kowa daidai. Yaya ce ta sa ta lakkol, makarantar boko, lokacin da wasu ke ɓoye 'ya'yansu mata a rumbu in an zo ɗaukar yara. Yaya ce ta sayar da awakinta da yarinyar ta ci jarrabawar zuwa birni. Ita take kira Inna. Ni Iya take ce mini. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa zama da ita mu yi hira fuska da fuska ba. In ina son wani abu a wajenta sai in fuskanci bango in ce, "A gaya wa masu gida ruwan randa ya ƙare." Ita kuma ta amsa wa bangon.

Ta yi karatu, ta samu aikin ofis a Yamai, ta auri wani ma'aikaci ɗan ƙasarmu na Adar. Da yanar ido ta rufe mini idanu har na fara zuba gishiri a kunu, ita ce ta aiko aka kai ni can, aka yi mini aiki a idon dama. Likita ya kafa mini dokoki: kada in sunkuya, kada in ɗauki kaya, kada in yi kuka. Aka naɗe idon da auduga, na hagun kuma dama ba ya ganin komai sai haske da inuwa.

Ina kwance haka Yaya ta rasu. Ba a gaya mini ba, amma mai kwance da ido a rufe kunnensa a buɗe yake. Na ji an buga ƙofa da hantsi, na ji muryar wani direban Tawa da na sani, na ji an ja shi waje. Daga nan gidan ya koma Faransanci. Ni ba na jin Faransanci, sai dai a tsakiyar yarensu ina jin kalmar "Inna" tana faɗowa, kuma muryar ɗiyata ta toshe kamar mai mura. Na gane. Na ja zanena na rufe kai, na riƙe hawayena saboda likita, na jira su faɗa. Sai da aka cire audugar aka ba ni baƙin tabarau, sannan surukina ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaya mini. A lokacin har sadakar bakwai ta wuce. Wannan ɓoyon ban taɓa riƙe su da shi ba, haka ake yi wa mara lafiya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne gaisuwa. Yaya ta mutu, ƙanwarta ɗaya tilo ba ta zauna a tabarmar makokinta ba. A ƙauye akwai autanmu, shi ne babba a gidan mahaifinmu yanzu, kuma na san halinsa, ba ya faɗa amma ba ya mantuwa. Ina son in je in zauna a tsakar gidan Yaya in yi kukana, 'yan uwa su ga na zo don ita, su yi mini gaisuwa in yi musu. Iyakar abin da nake nema ke nan.

Wata safiya ɗiyata ta shigo ta tsaya a bayana.

"Iya, jibi za mu tahi gida gaisuwa. Jirgi za mu shiga zuwa Tawa."

Na ce wa bango, "Motocin Tawa sun daina tashi ne?"

"Likita ya ce kada idon shi girgiza. Hanyar ta lalace."

Na ce a raina, riƙon Yaya bai faɗi ƙasa ba. Gidan nan ana ta kukan rashin albashi, miya ma ta koma ta kuka zalla, amma yarinya ta nemo kuɗin jirgi don a je a gai da Innarta.

Jirgin ƙarami ne, kamar motar tasha da aka yi wa fukafukai. Sai da na sunkuyar da kai kafin in shiga, ina tuna dokar likita. Aka ɗaure ni da ɗamara a kujera. Da ya fara gudu na karanto duk abin da na sani, har da addu'ar shiga kasuwa. Yana tashi kunnuwana suka toshe, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro, don kunnen nan shi ne idona a lokacin. Ina jin ƙugin injin kamar daga cikin rijiya. Sai na ji hannu ya kama nawa. Tun ranar da na yaye ta hannunmu bai haɗu ba. Ta sa mini alewa a tafi, ta matso kusa da kunnena.

"Tsotsa, Iya, za su buɗe."

Suka buɗe kuwa. Ba ta saki hannun ba. Ta shiga gaya mini abin da ke ƙasa: ga gulbi can ya kwanta kamar zare, ga gonaki, ga jan dutse ya fara, mun shigo Adar ke nan, ga wani ƙauye rumbunansa kamar tukwane a kife. Ni ban ce komai ba, kunya ta hana, amma har muka sauka ina addu'a kada tafiyar ta ƙare da wuri.

A filin jirgin Tawa zafin bazara ya tare mu, na shaƙi iskar garinmu na ji daɗi. Mota tana jiranmu, babbar kat-kat ta haya da direbanta. Ya gaishe ni da ladabi, ya ɗora ni a gaba kamar ƙwai. Na ji yana ce mata, "Madam, kaya duk suna baya, yadda Mushe ya ce," wato surukina. Da motar ta motsa na ji ƙarar ledoji suna gugar juna a bayanmu, da yawa, ga ƙanshin sabulu da na sabuwar atamfa.

Na ce wa gilashin gaba, "A biya ta gida in ɗebi gero na sadaka. Ba a zuwa gaisuwa hannu sake."

"An riga an shirya komi, Iya. Motar kuɗin kwana ake biya, kada mu ɓata lokaci."

Muka wuce ta bakin lungunmu. Na gane shi da ƙarar injin niƙan maƙwabcinmu, mai tari kamar tsoho. Raina ya so in sauka ko ruwan randata in sha, amma na haɗiye.

Da kwalta ta ƙare muka hau jar hanya mai ƙirga-ƙirga. Haƙorana suka yi ta haɗuwa, na dafe tabarau da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe ƙarfen mota. Girgizar da na sha a ɗan tsakanin nan ta fi wadda zan sha daga Yamai zuwa Tawa, amma a lokacin tunanin bai zo mini ba. Direban mai surutu ne irina. Ya yi zancen tsadar mai, ya yi zancen sojojin da ke raka motocin arewa, can sai ya ce, "Madam, gobe Tebaram ce ko, kahin mu koma?" Ta amsa masa da Faransanci, gajere, da sauri. Ya yi tsit. Mu ba mu da kowa a Tebaram. Tambayar ta zo mini har baki, sai na tuna da wa zan yi wa ita, na mayar.

Akwai abin da na sani tun ina Tawa. Surukina ya tsaya takarar depite, wato ɗan majalisa, kuma ƙauyenmu kusan duka na ɗaya jam'iyyar ne, autanmu yana cikin manyansu. An ba ni labari mutanen surukina sun je da motoci za su yi taro, samari suka jawo ƙaya suka tare hanya, suka mayar da su. A shekarun nan har suna wasu suka daina zuwa wa juna saboda siyasa. Na san duk wannan, amma na ɗauka mutuwa tana gefe guda, ba a haɗa ta da komai.

A bakin gari motar ta tsaya. Na ji muryoyin samari sun kewaye mu, wani yana bubbuga ƙarfen mota da tafin hannu.

"Motar wa ce? Mi kunka kawo?"

Ɗiyata ta miƙo hannu daga baya ta sauke gilashin gefena. "Gaisuwa munka zo. Ga Iya nan, ƙanwar marigayiya, daga asibiti take."

Wani ya ce, "Iya ce, ku kauce." Suka bi ni da sannu, da ya haƙuri, na ji ana jan ƙaya daga hanya. Har na ji wani alfahari a raina, wai garinmu bai manta da ni ba.

Tsakar gidan Yaya na nan yadda na san shi, ƙafata ta gane ramin da ke bakin zaure. Aka shimfiɗa mini tabarma a inuwar rumbunta. Kafin in zauna da kyau mata sun cika gidan. Wadda ta fara rungume ni taubashiyata ce, ɗiyar kawunmu, tsohuwa mai baki kamar aska, tun muna yara muke tsokanar juna.

"Baiwata, sai yau? Har kin zama matar gwamna da baƙin gilashi?"

Ta faɗa tana kuka. Nan na manta da likita. Na yi kukan da na daɗe ina riƙewa, suka taya ni. Suka ba ni labarin kwanakinta na ƙarshe, yadda ta ƙi hura sai ruwa, yadda ta yi ta tambaya ko idona ya buɗe, ta ce kada a gaya mini tana ciwo. Ɗiyata ma ta yi kuka, na ji ta, ta shiga ɗakin Yaya ta daɗe ba ta fito ba. Wannan kukan na gaskiya ne, ko yau aka tambaye ni haka zan ce. Autanmu ya shigo ya durƙusa, muka yi wa juna gaisuwa, muryarsa da taushi. Ya ce, "Kin zo, Yaya ƙarama, shi ke nan." Ya koma wajen maza. Da a nan ranar ta tsaya, da na koma gida da zuciya wankakkiya.

Bayan azahar na ji direba yana shigo da kaya yana tarawa a gefena. Ɗiyata ta durƙusa kusa da ni.

"Iya, sadakar Inna ce. Ke za ki ba su da hannunki, ke ce ƙanwarta."

Ta sa mini ƙulli a hannu. Baƙar leda ce an ɗaure bakinta. Na lalube ta, na ji sandar sabulu, na ji ƙullin sukari, na ji zane a ninke. Zane guda, a wannan shekara, ga kowace mace. Na ce a raina Allah shi yi wa yaran nan albarka. Aka aika gida-gida aka kira mata, har waɗanda ba su zo da farko ba. Suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa, ina miƙawa ina cewa, "Sadakar Yaya, a sa ta a addu'a." Su karɓa da hannu biyu su ce, "Allah shi jiƙan ta, Allah shi kai lada kabarinta." Wasu na gane su da murya in kira su da sunan 'ya'yansu, su yi dariya. A gefe ina jin ƙyas, ƙyas, na na'urar hoton ɗiyata. Na ɗauka na tarihi ne.

Ban san wadda ta fara kwance ledarta ba. Na dai ji an ware zane an kaɗa shi can wajen murhu, sabon zane yana da ƙararsa. Sai surutun wajen ya mutu. Shirun ya taho daga murhu yana matsowa har ya iso inda nake. Wadda ke gabana ta karɓi nata da hannu ɗaya, na ji a nauyin ledar. Addu'arta ta fito a taƙaice. Ta bayanta ba ta ce komai ba sai "amin", alhali ban yi addu'a ba. Wata na ji takunta ta juya za ta fita, wata tsohuwa ta ce mata ƙasa-ƙasa, "Koma ki amsa, ta mamaci ce." Ta dawo ta karɓa.

Daga nan ɗiyata ta miƙe ta yi magana, da wata murya da ban san ta da ita ba, irin ta rediyo. Ta ce Inna ce ta raine ta, garin nan ne ya yi ta, kuma surukin Inna bai manta da garin nan ba, in Allah ya ba shi sa'a rijiya da ɗakin shan magani suna cikin abin da zai fara. Ta ce ranar zaɓe a tuna da wanda ya tuna da Inna.

Ba wadda ta amsa. Sai taubashiyata ta matso ta zauna a tabarmata, ta shimfiɗa mini zanen a cinya, ta kama yatsana ta ɗora a kai.

"Baiwata, taɓa nan. Hancin surukinki ne. Nan kuma hularsa. Ga shi nan kuma, ga shi nan, ko'ina mutum ya zauna a kansa zai zauna. Ashe Yaya ta canza jam'iyya a kabari ba mu ji ba?"

Wasu suka yi 'yar dariya mara daɗi. Na ɗaga tabarau na kai zanen dab da idon da aka yi wa aiki, na ga dishi-dishin wani kai a cikin da'ira, an jera shi har ƙarshen zane. Ledar da ke hannuna ta gaba na ajiye ta a ƙasa.

Matan suka watse a hankali, kowace da ƙullinta. Ba wadda ta bar nata, don ba a barin sadakar mamaci a ƙasa, ba a kuma mayar da ita. Wadda ta ƙi karɓa ta hana Yaya lada ke nan. Na zauna ina jin takunsu, sai abubuwa suka yi ta dawo mini: gilashin da aka sauke a bakin gari, geron da aka hana ni ɗauka, Tebaram.

Autanmu ya shigo. Bai durƙusa ba wannan karon, muryarsa daga sama ta zo mini.

"An amsa, Yaya ƙarama. Duk gari an amsa. Kun san ba mu iya maidawa, shi ya sa kunka biyo ta nan."

"Auta, ban gani ba. Ka dubi idona."

"Ba ki gani ba. Ba ki tambaya ba?"

"Wa zan tambaya? Ita?"

Ya san amsar, shi ma bai taɓa kiran sunan ɗansa na fari ba. Can ya ce, "Ni ne na ce wa yara in kin zo kada a tsai da ke. Yanzu in fita in ce musu mi?" Bai jira ba ya fita.

Ina jin ɗiyata a zaure tana ba direba umarni. Na kira ta. Da sunanta na kira ta, sunan da aka raɗa mata ranar suna, wanda bai taɓa fita daga bakina ba. Ya fito mini baƙo kamar na ɗiyar wasu. Taubashiyata da ke gefena ta ja numfashi. Yarinyar ta zo da sauri ta tsaya.

Na ce, "Jirgin nan, don idona ne?"

Ta ce, "Iya, kwanakin kamfe sun kusa ƙarewa. Kuɗin jirgi da na mota duk na kamfe ne. Mu da ba a biya ba tun kaka, da mi za ni kawo ki? In ba haka ba sai bayan damina ki zo gaisuwar."

"Da kin gaya mini."

"Da kin ƙi."

"Da na ƙi."

"To kin gani. Iya, wa ya cutu? Sabulun sabulu ne, zanen zane ne, matan nan wasu ɗaya gare su. Ladar za ta kai ma Inna. Shi kuma duk abin da muke da shi ya zuba a takarar nan, in ya faɗi mun faɗi. Inna da tana da rai da ta yi muna."

"Da ta yi muku da idonta a buɗe, in ta ga dama. Ni kin ɗora ni a gaban mota."

Na so in tambaye ta hannun da ta riƙe mini a jirgi, shi ma na kamfe ne? Ban iya ba, kuma har yau ban tambaya ba, don ina tsoron kowace amsa.

Ta ce rana tana yi, akwai inda za su biya kafin su koma Tawa, in tashi mu tafi. Na ce gaisuwa na zo, kuma ban yi ta ba tukuna. Ta roƙe ni, ta ce maganin ɗigawa, ta ce likita. Na ce a bar mini maganin. Ta ajiye shi a tabarma tare da jakata. Na ji motar ta tashi, na ji sauran ledojin suna gugar juna a bayanta, da yawa har yanzu.

Na zauna a ɗakin Yaya har sadakar arba'in. Kullum da safe taubashiyata ta zo ta ɗiga mini magani tana zagina, wai ko akuya ta fi ni wayo, ita tana shinshina abu kafin ta ci. Sannan ta kama sandata ta ja ni gida-gida. Kowane gida in yi sallama in zauna in ce na zo gaisuwar Yaya, hannuna ba komai. Wasu suka karɓe ni da hura, suka ce sun san ba halina ba ne. Wasu suka amsa gaisuwar a tsaye. Wata ta ce mini, "Mu dai mun yi ma marigayiya addu'a, saura ku da Allah." Samarin da suka janye mini ƙaya, in na wuce sai hirarsu ta tsaya.

A cikin kwanakin nan idona ya washe. Abin da na fara gani sosai, da launinsa da komai, matan gari ne a bakin rijiya. Talauci bai bar su su ajiye zanen ba, mazansu kuma ba za su bar su su ɗaura hoton ba, sai suka juya shi ciki waje. Ga su nan jere suna jan guga, fuskar surukina tana leƙowa dishi-dishi ta bayan zane.

Ran da zan tafi autanmu ya raka ni bakin hanya jiran motar kasuwa, ya riƙe mini jaka. Muna tsaye ya yi magana.

"Ni na yarda ba ki gani ba."

Na ce na gode.

"Amma su hannunki sunka gani."

Ɗiyata tana nan, tana aiko mini da abin da ta samu, jikokina suna zuwa hutu. Na koma yi wa bango magana in tana kusa, ita ma ta koma amsa masa, ba mu sake tada zancen ba. Ƙauye kuwa ina zuwa in an yi rasuwa, a motar kasuwa, da ɗan gerona ko sabulu. Ana karɓata, ana ba ni tabarma. Sai dai duk abin da na miƙa, in a ƙulle yake, matar gidan takan kwance shi a gabana ta duba, tana yi tana tambayata mutanen Tawa, sannan ta ce Allah shi ba da lada. Na ga ba a yi wa kowa haka sai ni. Yanzu tun daga zaure nake kwance ƙullina da kaina, in shiga da shi a buɗe.